SHARHI: Daga kudu damina take zuwa, can kuma ake cinye dajin

Kowace shekara idan damina ta kankama, akan ga gwamnoni da kwamishinonin muhalli sun durƙusa a gaban 'yan jarida suna dasa ɗan itace, sannan a sanar da cewa za a dasa miliyan kaza kafin kaka. A watan Satumban 2019, Shugaba Muhammadu Buhari ya yi alƙawarin dasa bishiya miliyan 25 a taron Majalisar Ɗinkin Duniya a New York. Tun 2015 kuma akwai hukumar tarayya mai kula da shirin Babbar Koriyar Ganuwa, wadda aka ɗora wa aikin tare hamada a jihohi 11, daga Kebbi da Sakkwato har Borno da Adamawa. Hoton da duk wannan ya dasa a zukatan jama'a shi ne na rairayi mai gurgusowa daga arewa, da jerin bishiyoyi da za su tsaya masa a hanya.

Hoton yana da tushe, domin wanda ya ga tudun rairayi a yankin Yusufari ta Jihar Yobe ba ya buƙatar a yi masa lacca. Sai dai abin da masana suka gano cikin shekara hamsin da suka wuce ya nuna cewa alaƙar ƙasa da ruwan sama ta fi haka sarƙaƙiya, kuma wurin da aka fi yi wa yanayin Najeriya illa a yau ba lallai ne ya zama wurin da ake bikin dashe ba.

Bishiya tana taɓa yanayi ta fuska fiye da ɗaya. Wadda aka fi ambata ita ce ta iskar kabon: itace yana zuƙe ta ya adana a jikinsa da cikin ƙasa, idan aka sare shi aka ƙona sai ta koma sama ta ƙara ɗumama duniya. Rahoton da kwamitin masana yanayi na Majalisar Ɗinkin Duniya ya fitar a 2019 ya ƙiyasta cewa noma da kiwo da sare daji da sauran ayyukan ƙasa sun samar da kusan kashi 23 cikin 100 na iskar da ɗan'adam ya saki mai ɗumama duniya tsakanin 2007 da 2016. Wannan lissafi ne na duniya baki ɗaya, kuma kason Najeriya a cikinsa bai taka kara ya karya ba. Fuskar da ta fi kusa da manomin Funtuwa ko na Lafiya ita ce ta ruwa. Saiwa tana jawo danshi daga can ƙasa, ganye ya fitar da shi kamar gumi, wannan tururi ya sanyaya iska ya kuma shiga cikin hadari. Idan aka share dajin, zafin rana da ya kamata ya tafi wajen tada tururi sai ya ɓuge da gasa ƙasa da iskar da ke kanta.

Bayan farin farkon shekarun 1970, wani masanin Amurka mai suna Jule Charney ya kawo hasashe a 1975 cewa yawan kiwo da ƙarewar ciyawa a yankin Sahel sun bar ƙasa fara fat tana mayar da hasken rana sama, hakan kuma yana hana hadari haɗuwa. Hasashen ya karɓu ƙwarai, wataƙila saboda ya ba gwamnatoci da masu ba da agaji wanda za su nuna wa yatsa, wato makiyayi da ƙaramin manomi. A 2003 Alessandra Giannini da abokan aikinta suka nuna cewa sauyin zafin tekuna shi ne babban abin da ya jawo farin shekarun 1970 da 1980. Lalacewar ƙasa tana iya tsananta fari, amma ba ita ta kira shi ba. Har yau akwai jawaban hukuma da ake karantawa kamar ba a yi wannan bincike ba.

Akwai wani bincike da ya fi shafar mu kai tsaye. A 1998 Elfatih Eltahir, ɗan asalin Sudan mai koyarwa a cibiyar MIT ta Amurka, tare da Xinyu Zheng, sun gwada a kwamfuta abin da zai faru da damina idan aka kawar da tsirrai a wurare daban-daban na Afirka ta Yamma. Da suka share na bakin Sahara, iskar damina ba ta sauya sosai ba. Da suka share dajin gaɓar teku na kudu, sai ta yi rauni matuƙa. Dalilin ba shi da wuyar fahimta: iskar da ke kawo ruwa Kano da Katsina daga Tekun Atilantika take tasowa, sai ta ratsa ɗaruruwan kilomita na daji da kurmi kafin ta iso, kuma danshin da take tararwa a hanya yana cikin abin da ke ƙarfafa ta. Gwajin kwamfuta ba wahayi ba ne, kuma an yi shi ne bisa ƙaddara an share dajin gaba ɗaya. Amma alƙiblar da ya nuna ta isa ta sa mai tsara manufa ya waiwaya kudu.

Idan ya waiwaya, abin da zai gani ba mai daɗi ba ne. A tsakiyar shekarun 2010 'yan kasuwa suka yi wa bishiyar madobiya dirar mikiya, wadda a Taraba ake kira madirid, ana loda gungumenta zuwa China domin yin kujerun alfarma. Wata ƙungiyar bincike kan muhalli, EIA, ta ruwaito a 2017 cewa an ba da takardun izini na bayan fage ga gungume kusan miliyan 1.4 da darajarsu ta kai dala miliyan 300. A ƙarshen 2018 hukumar yarjejeniyar CITES ta dakatar da cinikin wannan itace daga Najeriya. Kafin dakatarwar ta zo, masu sara sun riga sun ratsa Kogi sun isa tsaunukan Taraba.

Saran madobiya ya yi ƙara domin akwai dala a ciki. Na gawayi a hankali yake tafiya, kuma ya fi faɗi. Duk wanda ya bi hanyar Abuja zuwa Keffi da Akwanga, ko ta Lokoja, ko ta Kaduna, zai ga buhunan gawayi jere a bakin titi. Kirya da marke da kaɗanya aka fi so saboda gawayinsu yana daɗewa yana ci, su ne kuma itatuwan da ke ɗaukar shekaru masu yawa kafin su girma. Tun bayan cire tallafin kananzir a 2016, da faɗuwar darajar naira daga 2023 wadda ta kai tukunyar gas mai kilo 12.5 sama da naira dubu goma, gidajen ma'aikata da suka daɗe da barin gawayi sun koma masa. Ba za a zargi uwar gida da ke lissafin kuɗin cefane ba. Abin lura shi ne, farashin makamashin girki ya zama dokar gandun daji mafi ƙarfi a ƙasar nan, alhali ba a Ma'aikatar Muhalli ake yanke shi ba. A watan Agustan 2025 gwamnatin Shugaba Bola Tinubu ta hana fitar da ɗanyen ƙwaran kaɗanya na wata shida domin a riƙa sarrafa shi a gida. Manufa ce mai ma'ana, in har za a bar bishiyar da ke zubo ƙwaran a tsaye.

Ita kanta Abuja darasi ce a kusa. Tsarin birnin na 1979 ya ware kaso mai tsoka na fili ga lambuna da bakin rafuka da duwatsu, amma a hankali an yanka da yawa daga ciki an mayar da su filayen gini. Siminti da kwalta suna shan zafi da rana su sake shi da dare, kuma ba sa shan ruwa. Mazauna Lugbe da Lokogoma sun san inda ruwan yake zuwa.

Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta danƙa filaye a hannun gwamnoni, yawancin gandun dajin gwamnati ma na jihohi ne, kuma jihohi da dama suna kallon daji a matsayin hanyar kuɗin shiga ko filin da ke jiran a raba. Wasu dazuzzukan sun zama mafakar 'yan bindiga, inda ma'aikacin gandun daji ba ya ko leƙawa. Dakarun tsaron daji da Shugaban Ƙasa ya amince a kafa a 2025 an yi su ne domin fatattakar masu bindiga, ba masu zarto ba. Shirin ACReSAL, wanda Bankin Duniya ya amince wa da dala miliyan 700 a Disamban 2021, ya yi ƙoƙari da ya haɗa jihohin Arewa 19 da Abuja, amma babban burinsa shi ne farfaɗo da hekta miliyan ɗaya da ta riga ta lalace. Kare wadda ba ta lalace ba ya fi sauƙi da araha, sai dai ba shi da ranar yanke ƙyalle.

Maƙwabtanmu na Maraɗi da Damagaram sun nuna abin da ke aiki. Daga 1983, da ƙarfafawar wani ma'aikacin gona ɗan Ostireliya mai suna Tony Rinaudo, manoma suka fara abin da suke kira sassaben zamani: maimakon a tumɓuke kututture a ƙona, sai a bar reshe ɗaya ko biyu masu ƙarfi su tashi daga tsohuwar saiwa. An ƙiyasta cewa ta wannan hanya an maido da bishiya kusan miliyan 200 a hekta miliyan biyar, yawanci gawo da ire-irensa, ba tare da gidan renon iri ko tankar ban-ruwa ba. Abin ya bunƙasa ne lokacin da jami'an gandun daji suka sassauta, manomi ya tabbata cewa itacen da ya rena a gonarsa nasa ne, zai iya sassabe shi ya sayar ba tare da tara ba.

A Neja da Nasarawa da Kwara da Taraba, inda ruwan sama ya ninka na Maraɗi, kututturen kirya da marke suna nan a ƙasa da ransu, kuma za su fi saurin tsirowa. Abin da ya rage yana hannun majalisun jihohin: su fayyace a doka wa ke da bishiyar da ta tsira a gona, su kuma sa ƙa'idar yawan abin da mai lasisin gawayi zai sara da wanda dole ya bari. Kasafin 2026 da na bayansa za su nuna ko akwai jihar da za ta ware wa wannan aiki ko da rabin abin da take kashewa wajen sayen irin dashe.