A Cire Kwaɗo Daga Ɗakin Sana'a

'Yan'uwa ɗalibai, malamanmu, da iyayenmu na ikkilisiya, akwai wani ɗaki a makarantar nan da kullum muke wucewa ta gabansa, wato ɗakin sana'a. Yawancin lokaci kwaɗo ne a ƙofarsa. Da yawa cikinmu mun zana zarto da guduma a takardar jarrabawa, mun kuma ci, amma ba mu taɓa yanka katako ba. Ciwon nan tsoho ne. Sa'ad da aka soma tsarin 6-3-3-4 a 1982, an shigo da injunan koyon sana'a daga ƙasashen waje, amma a makarantu da yawa cikin akwatunansu suka yi tsatsa, don ba wuta, ba mai koyarwa.

A wasu wurare an bi wata hanya dabam. A 1998 wani malami a jami'ar MIT ta Amurka, Neil Gershenfeld, ya buɗe aji na koyon ƙera kusan kowane abu. Daga nan aka sami ɗakunan ƙira da ake kira Fab Lab, inda jama'ar gari suke tarayya da injuna. A 2004 aka buɗe irinsa a makarantar fasaha ta Takoradi a Gana.

Ga yadda aikin yake. Mutum ya zana abin da yake so a kwamfuta, sai inji ya bi zanen. Wani injin yana yanka siririn katako da hasken lesa. Wani kuma, firinta ta 3D, yana narkar da zaren roba da zafi kamar digiri 200, yana ɗora shi layi bisa layi, kamar yadda magina suke ɗora laka, har abin ya tsaya. In wani ɗan ƙaramin abu ya karye a madubin duba ƙwayoyin cuta na ɗakin kimiyya, sai a auna shi a ƙera sabo, maimakon a jefar da madubin cikin sito.

Mun san abin da za a ce: ina kuɗi, ina wuta? Gaskiya ne, injin lesa yana da tsada, ba ma roƙonsa yanzu. Amma a 2013, a birnin Lome na Togo, Afate Gnikou ya haɗa firinta ta 3D, yawancin kayanta kuwa daga tsofaffin kwamfutoci da firintocin da aka zubar ne. Wanda kuma ya taɓa shiga kasuwar Panteka a Kaduna ya ga yadda ake narkar da tsohon alminiyum ya zama tukunya. Mutanen nan ba su jira akwati daga Turai ba. Ƙaramar firinta kuwa, batir da hasken rana suna iya riƙe ta.

Wasu za su ce yara za su lalata kayan. Za su lalata wasu kam. Ai tsatsa ma tana lalatawa, ba ta kuwa koya wa kowa kome.

Abin da ya fi damunmu shi ne reni. Mun mai da aikin hannu rabon wanda ya faɗi jarrabawa, alhali kuwa a Markus 6:3 an san Ubangijinmu da aikin sassaƙa, Manzo Bulus kuma da ɗinkin tanti ya ci abinci. Ga yayyenmu da suka gama karatu suna zaune a gida da takardunsu, suna jiran aikin ofis.

Saboda haka muna roƙon hukumar makaranta ta riƙa buɗe ɗakin nan kowace Asabar da yamma, ga ɗalibai maza da mata, da matasan gari. Cikin ikkilisiyarmu akwai kafintoci, masu walda, teloli da masu gyaran waya. A gayyace su su koya mana, mu kuma mu nuna musu zane a kwamfuta. Ƙungiyar tsofaffin ɗalibai tana iya ɗaukar nauyin firinta ɗaya. Mu kuwa mun yarda mu fara da karyayyun kujerun da aka tara a bayan ɗakin sujada, in an ba mu mabuɗi.