Banki ya hana ni katin bashi, kuma da ya ba ni da na yi kuka



Cikin saƙonnin da ake turo min a makon nan, mutum uku ne suka yi tambaya iri ɗaya: ta yaya zan samu katin bashi na banki in riƙa ɗaukar abincin kaji da shi, alhali ban taɓa cin bashi ba? Ɗaya ma cewa ya yi ya nema sau biyu an ƙi shi, yana ganin don ba shi da kowa a bankin ne. Na ce bari in amsa a fili, domin ni ma na bi ta wannan hanyar.

Bayan na gama bautar ƙasa na zuba buroila 200 a bayan gidanmu. Zagaye na farko ya tafi lafiya, na biyu ma haka. A na uku kai ya ɗau zafi, na ce bari in ninka. Na sa riga mai guga, na ɗauki takardar digirina ta harkar kasuwancin noma, na nufi bankin da nake ajiya tun ina ɗalibi. Ma'aikaciyar ko kallon takardar ba ta yi ba. Tambaya biyu ta yi min: albashinka ta nan yake shigowa? Na ce ba ni da albashi. Ta duba kwamfuta ta ce, malam, ba ka da tarihin bashi, kuma abin da ke shiga asusunka bai nuna kana da kasuwanci ba. Na fito raina a ɓace, ina ta mita a kan cewa ni da ko kwabo ba a bi na, an mayar da ni kamar marar gaskiya.

Sai daga baya na gane abin da take nufi. Wurinmu, mutumin da bai taɓa cin bashi ba shi ne mutumin kirki. Wurin banki kuwa baƙo ne, ba a san halinsa ba. A Najeriya akwai kamfanoni uku masu lasisin Babban Banki da ke adana tarihin bashin mutane: CRC, FirstCentral da CreditRegistry. Duk wanda ya ci bashin banki, labarin yadda ya biya yana can, an ɗaure shi da lambar BVN ɗinsa, kuma ka'ida ce banki ya duba aƙalla biyu daga cikinsu kafin ya ba da rance. In aka buga lambarka aka ga fayil babu komai, to sai a koma kan abu na biyu, wato kuɗin da ke shiga da fita a asusunka. A nan ne yawancinmu muke faɗuwa. Ni a lokacin duk cinikina hannu da hannu ne. Mai gashin kaji ya zo ya ƙirgo min kuɗi, in sa a aljihu, gobe in kai wa dilan abinci. Na juya kuɗi masu kauri a watannin nan, amma asusun abin da ya sani game da ni shi ne ina sayen data.

Katin bashi a ƙasar nan, gaskiyar magana, an fi yin sa ne don mai albashi, saboda banki ya san ranar da kuɗinsa za su faɗo. Marar albashi, ƙofar da wasu bankuna ke buɗe masa ita ce ya ajiye kuɗi a riƙe, a ba shi kati da iyakar da ba ta kai abin da ya ajiye ba. Wato da kuɗinka za a ranta maka. Amfaninsa ɗaya ne, yana buɗe maka fayil a wurin waɗancan kamfanoni in kana biya a kan lokaci. Jari kam ba zai ƙara maka ba.

To amma ra'ayina, wanda na san wasu ba za su ji daɗinsa ba, shi ne mai kiwo da ke farawa bai kamata ya sa wannan katin a lissafinsa ba ko da za a ba shi. Ku duba lokaci kawai. Katin yana ba ka 'yan makonni ne na sassauci, in ka biya duka a cikinsu ka tsira, in ka wuce kuɗin ruwa ya fara hawa kowane wata a kan abin da ya rage. Buroila tana buƙatar mako shida zuwa takwas, kuma wannan in kasuwa ta buɗe ne ranar da suka isa. Duk wanda ya taɓa riƙe kaji bayan Sallah ya san yadda ake kwana da su mako biyu suna cin riba, masu saye suna taya su kamar suna yi maka alfarma. Tarwaɗa wata huɗu zuwa shida take ɗauka kafin ta kai girman kasuwa. Kajin ƙwai kuwa sai sun kai mako 18 zuwa 20 kafin ka ga ƙwan farko, duk tsawon lokacin nan ci kawai suke yi. Abinci shi ne kusan kashi 60 zuwa 70 cikin 100 na abin da muke kashewa, kuma shi ne ake son ɗauka da katin.

Mu yi misali. A ce ka ɗauki abincin kifi na naira 500,000, a ce ruwan kashi 3 ne cikin 100 a wata. Wata biyar ya zama naira 75,000, ban da ruwan da ke hawa kan ruwa da tarar jinkiri. Yanzu ka je ka duba littafinka ka ga ribar da kake fitarwa a irin wannan zubin. Da yawa za su tarar kusan rabi ya tafi, wasu ma duka. Wannan fa in komai ya tafi daidai kenan.

Zagayen nan nawa na uku, wanda na so in ninka, gamboro ce ta shiga cikinsa a mako na huɗu. Laifina ne, na sayi rigakafi a wurin da ba su da wuta tsayayya, ban kuma tambaya ba. Na kwashe gawa har na daina ƙirgawa. Da kuɗina na yi asarar, na yi jinyar zuciya na sake farawa da kaji 100. Da kuɗin kati ne, da har yau sunana yana cikin waɗanda suka kasa biya, kuma fayil mai tabo ya fi wanda babu komai a ciki wahalar gyarawa nesa ba kusa ba. Kar kuma wani ya ce zai gudu ya koma wani banki. Tun watan Agustan 2020 tsarin GSI na Babban Banki ya fara aiki, wanda ke ba bankin da ke bin ka damar cire kuɗinsa daga kowane asusu da ke ɗauke da BVN ɗinka. Waɗanda suka karɓi bashin korona suna cewa rabon gwamnati ne sun ga yadda abin yake, an wayi gari kuɗi sun shigo, kafin a je POS sun fita.

Akwai kuma batun riba, wanda na san shi ne farkon abin da ke hana da yawanmu. Ba ni ne zan yi fatawa ba, amma ko ta fuskar kasuwanci zalla, tsarin murabaha na bankuna irin su Jaiz, TAJ da Lotus ya fi dacewa da kiwo: su sayi kayan su sayar maka a farashin da kuka yi yarjejeniya, ka san abin da za ka biya tun ranar farko. Sai dai kar a ruɗi kai, su ma za su duba tarihinka da motsin asusunka. Ba sadaka suke yi ba.

Shi ya sa nake ganin aikin da ke gabanmu shi ne mu sa a san mu a takarda, ko ma wane irin tallafi za mu nema nan gaba. Abin da na yi bayan waccan faɗuwa ba wani abin mamaki ba ne. Na yi wa gonar rajistar suna a CAC, na buɗe mata asusu daban da nawa. Duk wanda ya sayi kaza, ko guda ɗaya ce, ta can zai tura, in kuma ya kawo tsaba ni da kaina nake zubawa a ranar. Dilan abinci da mai 'yan tsaki ta can nake biyansu. Da farko abin ya yi min nauyi, masu saye suna ƙorafi, har Baba yana min dariya wai na mayar da akurki kamfani. Bayan wata tara na fitar da bayanan asusun, na ga duk wanda ya karanta zai gane ana sayen tsaki, ana ciyarwa, ana sayarwa duk bayan wata biyu.

Daga nan na karɓi ɗan ƙaramin tallafi na kayan abinci, buhu goma, wanda ko kajin sun mutu zan iya biya daga aljihuna. Kafin in sa hannu na yi tambaya ɗaya da nake so kowa ya riƙe: kuna kai rahoton biyana wurin kamfanonin tarihin bashi? In ba sa kaiwa, to amanarka ta tsaya tsakaninka da su ne kawai. Haka adashe yake, haka bashin dila yake. Shekara goma kana zubi ba ka taɓa saɓawa ba, banki bai san an yi ba. Wannan a ganina rashin adalci ne ga mutanenmu, domin uwar adashe ta fi kwamfuta sanin wanda ke da amana a unguwa, amma haka tsarin yake a yanzu.

Manhajojin bashi na waya, waɗanda ke ba ka kuɗi cikin minti biyar, ku bar su. Wa'adinsu gajere ne, ruwansu ya fi na kati zafi, kuma mun ga yadda wasunsu ke tura wa dangin mutum saƙon cin mutunci.

Abu biyu kuma da dokokin 2017 suka ba mu waɗanda kusan ba wanda ke amfani da su. Na farko, kana da damar karɓar rahoton tarihin bashinka kyauta sau ɗaya a shekara. Ka nema ka duba, domin wani an taɓa sa shi ya tsaya wa aboki, abokin bai biya ba, shi kuma bai san sunansa ya shiga ba. Na biyu, doka ta yarda a yi jingina da kadara mai motsi, irin su janareta, injin niƙa abinci, har da dabbobi, a yi musu rajista a rumbun jingina na ƙasa da ke ƙarƙashin Babban Banki. Ba kowane banki ke son karɓa ba, amma mai rasidin kayansa a hannu yana da abin da zai ɗora a tebur. Ku daina yar da rasidi.

Watan jiya bankin nan da ya sallame ni ya turo min saƙo cewa na cancanci katin. Ina cikin wanke tankin kifi na karanta, na mayar da wayar aljihu. Kifin da ke ciki sauransu wata uku.