Apple, Ku Dawo Mana Da Makunnin Sailen!

Jama'a, mu daina tafa wa duk abin da kamfani ya kira sabo. Tun iPhone na farko a 2007 akwai ɗan makunnin nan na gefe: ka tura shi, ya yi ƙas, waya ta yi shiru. A 2023 Apple suka cire shi daga iPhone 15 Pro, suka sa maɓalli, wai ci gaba.

Makunnin nan matsaya biyu gare shi, babu tsakiya, kuma ba ya buƙatar caji kafin ya zauna inda ka bar shi. Wannan dabarar ce fa injiniyoyi ke wahalar sassaƙawa a silikon: 'yar lanƙwasasshiyar sanda, ba ta kai kaurin gashi ba, a ture ta sau ɗaya da zafi ko lantarki, ta faɗa ɗaya gefen ta zauna, ko an ɗauke wuta.

Shi kuwa maɓalli, kana sakinsa ya koma yadda yake. Ana tada iƙama, waya na aljihu, a da shafawa kawai za ka yi ka sani. Yanzu fa? Sai ka zaro ta ka duba, ko ka danne kana ƙirga girgiza. Haba Apple!