Sau nawa tsohuwar Fijo ke hawa titi a shekara? Yadda tsadar mai ta zaunar da motocin dattawa a Gwarzo da Kabo

A garuruwan Gwarzo da Kabo, ba baƙon abu ba ne a ga tsohuwar mota a ƙofar gida an lulluɓe ta da tamfol, an tokare tayoyinta da duwatsu, awaki na shan inuwa a ƙarƙashinta. Galibi Peugeot 504 ce ko 505, wadda jama'a ke kira Fijo, wani lokacin kuma tsohuwar Marsandi. Masu su yawanci dattawa ne: malaman makaranta da suka yi ritaya, tsofaffin ma'aikatan ƙaramar hukuma, da 'yan kasuwar hatsi da suka ci zamaninsu.

Da yawa daga cikin motocin nan lafiyarsu ƙalau, idan an sa batir za su tashi. Abin da ya sauya shi ne yawan kwanakin da suke fita. Motar da a da ke zuwa Kano duk ƙarshen mako, yanzu sai ta shafe watanni ba ta motsa ba. Kuma kowane wata da ta ƙara a ajiye, tana ƙara kusantar hannun 'yan gwangwan.

Yadda abin yake a ƙasashen Turai

A Turai, ajiye tsohuwar mota da fito da ita jefi-jefi harka ce ta masu sha'awa, kuma doka ta san da zamanta. Ƙungiyar masu tsofaffin motoci ta duniya, FIVA, ta ce kafin a kira mota ta tarihi sai ta kai shekara 30, an kula da ita a kan asalin ƙirarta, kuma ba da ita ake zirga-zirgar yau da kullum ba. A Jamus irin waɗannan motoci na samun lamba ta musamman mai harafin H a ƙarshe. A Birtaniya kuwa, motar da ta haura shekara 40 ana iya yafe mata harajin mota da gwajin lafiya na shekara-shekara.

Masu motocin tsere na da a can sun fi fito da su lokacin zafi, su kulle su a gareji idan hunturu ya shigo, domin gishirin da ake watsawa a titi don narkar da ƙanƙara yana cinye bodi. Wasu motocin ma sau ɗaya tak ake ganinsu, kamar a jerin gwanon da ake yi daga Landan zuwa Brighton duk watan Nuwamba, wanda motocin da aka ƙera kafin 1905 ne kaɗai ke shiga.

Idan aka bi ma'aunin shekaru, Fijo da dama da ke yankin Gwarzo sun cancanci wannan suna. Bambancin shi ne Baturen da ya ajiye tasa zaɓi ya yi, dattijon Gwarzo kuwa aljihu ne ya tilasta masa.

Daga Kakuri zuwa ƙauyuka

Peugeot 504 ta fito a Faransa a 1968, ta kuma lashe kyautar gwarzuwar motar Turai ta 1969. Juriyarta a kan hanyar burji ce ta sa ta yi suna a Afirka. Ita ce ta cinye gasar tseren Safari ta Kenya a 1975, samfurinta mai ƙofa biyu ya sake cinyewa a 1978.

A shekarar 1975 ne kuma kamfanin PAN ya buɗe masana'antarsa a Kakuri da ke Kaduna, inda aka riƙa harhaɗa 504 har zuwa tsakiyar shekarun 2000, bayan Faransa ta daɗe da daina ƙera ta. Ita ce motar gwamnati, ita ma'aikaci ke saya da bashin mota, ita ce kuma ke tashar mota. Wannan ne ya sa kusan kowane tsohon bakanike a kan hanyar Kano zuwa Gwarzo zuwa Dayi a kanta ya koyi sana'a.

Daga baya motocin Kwatano suka cika kasuwa. Golf da Sharon da bas-bas na Toyota suka karɓe jigilar fasinja daga Kabuga zuwa Rimin Gado da Garo da Gwarzo. Fijo ta rabu gida biyu: a-kori-kura da J5 suka ci gaba da dakon buhunan masara da dawa da kayan miya zuwa kasuwannin ƙauye irin su Getso, ƙananan kuma suka koma motocin gida.

Lissafin tanki

Ranar 29 ga Mayun 2023 Shugaba Bola Tinubu ya sanar da cire tallafin man fetur. Cikin 'yan kwanaki lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da naira 500, kafin ƙarshen 2024 kuma ta haura naira 1,000 a wurare da dama. Farashin ya ɗan sauko bayan matatar Dangote ta fara fitar da fetur, amma bai ko kusanci inda yake a da ba.

Daga Gwarzo zuwa birnin Kano kusan kilomita 70 ne, zuwa da dawowa 140 ke nan. Tsohuwar 504 mai kafireto za ta sha aƙalla lita 15 a wannan tafiya. Kafin cire tallafi, kuɗin bai kai naira 3,000 ba. A kan naira 1,000 kowace lita, ya zama naira 15,000. Mafi ƙarancin albashin da gwamnatin Kano ta amince da shi a 2024 naira 71,000 ne, wato tafiya biyar ta cinye albashin wata guda. Ɗan fansho kuwa ba sai an faɗa ba. Shi ya sa mai mota kan bar ta a gida ya hau ta haya, ko ya hau babur idan tafiyar cikin gari ce.

Akwai kuma kuɗin da ake biya ko mota ta fita ko ba ta fita ba. Tun daga Janairun 2023 Hukumar Kula da Inshora ta Ƙasa ta ɗaga mafi ƙarancin inshorar ƙananan motoci daga naira 5,000 zuwa 15,000, 'yan sanda kuma suka fara tsananta bincike a kai daga 1 ga Fabrairun 2025. Ga sabunta takardun mota duk shekara. Ga kayan gyara a kasuwar Ƙofar Ruwa da suka yi tashin gwauron zabo tun da darajar naira ta faɗi a tsakiyar 2023. Motar da ke fita sau goma a shekara, inshora kaɗai ta ɗora mata naira 1,500 a kowace fita tun kafin a zuba mata mai.

Kwanakin fita

Idan aka lura, fitar motar dattijo yanzu tana bin kalandar zumunci ne. Akwai ƙaramar Sallah da babba, lokacin da ake wanke ta a kai iyali gaisuwa. Akwai bukukuwan aure da suka fi yawa bayan kaka, inda ake neman ta don ɗaukar amarya ko kai 'yan ɗaurin aure wani ƙauye. Sai ta'aziyya, sai rakiyar alhazai da tarbarsu. Wanda ya fi hali shi ne ke fito da ita duk Juma'a, sau 52 ke nan a shekara. Da damina kuma, idan hanyoyin ƙauye suka caɓe, ko wannan ma raguwa take yi.

Fita mafi muhimmanci ita ce wadda ba a shirya mata ba: mace na naƙuda da tsakar dare, ko yaro ya suma da zazzaɓi, ana buƙatar kai shi Babban Asibitin Gwarzo ko a wuce da shi Kano. A ƙauyuka da yawa motar dattijon unguwa ita ce motar asibitin kowa. Ranar da ta ƙi tashi, asarar ta wuce gidan mai ita.

Su kuwa a-kori-kura da J5 na 'yan kasuwa, matsalarsu akasin wannan ce. Ba sa hutawa, sai dai direba da ke neman fitar da kuɗin mai ya kan ƙara lodi ya rage gyara, abin da ke jawo haɗurra a hanya.

Ajiya ma kashe mota take yi

Mutane da yawa na ganin idan mota na ajiye an tsare ta ke nan, alhali makanikai sun san ba haka ba ne. Batir na iya saukewa cikin makonni. Fetur ɗin da ya yi watanni a tanki yana lalacewa ya zama kamar danƙo, ya toshe kafireto. Man birki na jan laima, birkin ya kama ko ya saki. Robobi na bushewa su tsage da zafin bazara, ƙurar hunturu na cika matatar iska, ɓeraye kuma na cin wayoyi. Tamfol ɗin da ke kare fenti daga rana, shi ke riƙe danshi da damina har ƙasan mota ya yi tsatsa.

Taya ma ba ta buƙatar tafiya kafin ta tsufa. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa ta daɗe tana gargaɗin cewa wa'adin taya shekara huɗu ne daga ranar da aka ƙera ta. Motar da aka fito da ita ranar Sallah da taya mai zane kamar sabuwa, aka cika ta da yara aka hau babban titi, tana iya zama ajali.

Abin da za a iya yi

Ga mai mota, shawarar masu gyara ba ta da tsada sosai: a tayar da ita duk mako ko biyu, a zaga da ita kamar minti 20 har injin ya yi zafi a taka birki, a cire kan batir idan za ta daɗe, a riƙa duba iskar taya, a sauya baƙin mai sau ɗaya a shekara ko da ba ta yi tafiya ba. Wanda ba zai iya wannan ba, gara ya sayar wa mai buƙata tun tana tashi, domin 'yan gwangwan nauyin ƙarfe kawai suke biya.

Mayar da mota mai amfani da iskar gas, wanda gwamnatin tarayya ke tallatawa tun 2023, zai rage kuɗin tafiya, amma amfaninsa ga mutumin Gwarzo ya dogara da samun gidan sayar da gas ɗin a kusa da shi. A nan ne ake sa ido kan kammala bututun gas na Ajaokuta zuwa Kaduna zuwa Kano.

Ga hukumomi kuma, jihar Kano na iya duba tsarin rajista ta musamman ga motocin da suka haura shekara 30 waɗanda ba na haya ba, da sauƙin kuɗin takardu, bisa sharaɗin duba lafiyarsu duk shekara. Najeriya ta san darajar mota a tarihi: Marsandin da aka harbe Janar Murtala Muhammed a cikinta ranar 13 ga Fabrairun 1976 tana gidan tarihi na Legas, tsohuwar Rolls-Royce ta fadar Kano kuma har yanzu ana fito da ita a manyan taruka. Fijo ƙirar Kaduna ita ce shaidar zamanin da ma'aikaci ke sayen sabuwar mota da aka harhaɗa a Arewa. Idan waɗanda suka rage a Gwarzo da Kabo suka ƙare a kan sikelin 'yan gwangwan, makanikan da suka san sirrinsu ma za su tafi ba tare da sun bar magada ba.