Bishiyar roba ba za ta maye gurbin kaka ba

Jama'a, Disamba ta zagayo, Abuja ta sha ado. Daga Wuse zuwa Jabi, otal-otal da manyan kantuna sun kafa bishiyoyin Kirsimeti, an manna musu auduga wai ƙanƙara ce, alhali hunturu ne ke tsattsage mana leɓe. Mu kuma mun ɗebo yara mun jera su gaban bishiya, an ɗauki hoto, an ɗora a Facebook. Wai an yi hutu ke nan.

Ba rigimar addini muka zo da ita ba. A cikinmu akwai Musulmi akwai Kirista, kuma duk mai ganin Bahaushe Kirista baƙon abu ne, ya leƙa Wusasa ta Zariya ya ga tsohon cocin St. Bartholomew, ginin ƙasa na magina Hausawa. Littafi Mai Tsarki ma ya fito da Hausa tun 1932. To a tambayi dattawan Wusasa yadda suka san Kirsimeti: sabon ɗinki, yanka, shinkafa da miya, yara ɗauke da kwanuka gida-gida har gidajen maƙwabta Musulmi, su ma in Sallah ta zo su rama. Bishiya ba ta cikin lissafi. Al'adar Jamusawa ce. Ko a Ingila, sai da aka buga hoton Sarauniya Victoria da mijinta Bajamushe, Yarima Albert, gaban bishiya a 1848 sannan ta bazu. Wadda ake sayar mana a kasuwar Wuse kuwa roba ce, galibi daga Sin.

Mai son ado a falonsa ya yi, kuɗinsa ne. Abin da ke ci mana tuwo a ƙwarya shi ne zumuncin da aka jingine. Makarantu a rufe suke, gwamnati ta ba da hutun 25 da 26 ga Disamba da 1 ga Janairu, ofisoshi sun yi fayau. Ku je tashar Utako ku ga yadda 'yan'uwanmu Ibo ke cika motoci da 'ya'ya da buhunan shinkafa, kowa ya nufi garinsu. Mu fa? Muna da 'ya'yan da aka haifa a Gwarinpa, sun kai shekara goma ba su taɓa kwana ɗakin kakarsu ba. Tsohuwa ta kira a waya ta ce "ya makaranta?", yaro ya dubi uwarsa a fassara masa. Wannan yaron ne gobe za a ce ya je ya zauna zaman makoki cikin dangin da bai san sunan ko ɗaya ba.

Za a ce hanya ba lafiya, kuma gaskiya ne. Ba mu manta da harin jirgin ƙasan Abuja zuwa Kaduna na 28 ga Maris 2022 ba. Kuɗin mota ma ya yi tashin gwauron zabi tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023. Wanda garinsu ke hannun 'yan bindiga, ba mai ce masa ya jefa iyalinsa cikin halaka. Sai dai wannan uzurin ya zama bargon da kowa ke shiga, har wanda garinsu lafiya lau yake, har wanda ya kashe a kayan ado da yawon kanti abin da zai kai gidansa duka Kano ya dawo da su.

Kuma wace hanya ce ta hana mu zuwa Kubwa, ko Nyanya, ko Mararaba? Akwai gwaggo, akwai kawu, akwai ƙanin baba da ke gadi a Gwagwalada, rabonmu da su tun sunan wani jariri. Zumunta a ƙafa take, ba a rukunin WhatsApp ba.

Bana, kafin a fitar da kuɗin ado, a ware kuɗin mota. In tafiya ba za ta yiwu ba, a tura wa tsofaffi su zo su yi mako guda da jikokinsu. Wanda ya riga ya sayi bishiya kuma, ba laifi, kaka ta zauna kusa da ita ta yi wa yaran tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi.