Yaronmu ya san fanda, bai san bushiya ba

A hutun da ya wuce mun je Unguwar Gai, a ƙaramar hukumar Kibiya, muka zauna da 'yan firamare a gindin wata ɗorawa. Wani yaro ya zo da littafi mai hotuna da yayansa ya sayo masa a Kano. Ya nuna mana fanda ta ƙasar Sin da kangaru ta Ostareliya, yana kiran sunayensu ba gargada. Muka tambaye shi amfanin mujiya. Ya ce mayya ce, in ka gan ta ka harbe ta da danƙo. Sauran yaran suka gyaɗa kai.

Laifin namu ne, mu manya da muka yi boko. Mun bar littattafan yara a hannun baƙi, mun bar dabbobin gida a hannun camfi.

Mujiyar da ake jifa ɓeraye take ci, waɗanda ke ɓarnar hatsi a rumbu. Jemagun da yara ke kakkaɓowa suna cikin masu kai ƙurar fure daga wannan ɗorawa zuwa waccan, kuma daga nan kalwa take samuwa, daga kalwa a yi daddawa. Ungulu kuwa, a tambayi kowane dattijo yadda take cika mahauta a da, a je a duba yau. Tun 2015 ƙungiyar kare halittu ta duniya, IUCN, ta sa irin ungulun da muka saba gani cikin waɗanda ke dab da ƙarewa, kuma cinikin sassan jikinta don tsibbu na cikin dalilai. Indiya ta riga ta ga ƙarshen wannan hanya. A shekarun 1990 wani maganin shanu mai suna diclofenac ya kusa ƙarar da ungulayenta, mushe ya rasa mai cinyewa, karnukan titi suka yawaita, cutar haukan kare ta samu fili. Wane littafin yara na Hausa ne ya ba da wannan labari?

Dajin Falgore yana nan kudancin jiharmu, kuma a 2020 gwamnatin tarayya ta sa shi cikin sababbin gandayen daji goma na ƙasa. Yaran Rano da Kibiya su ne maƙwabtansa. Cikinsu manoman gobe za su fito, da makiyaya, da mafarauta, da masu toya gawayi. Wanda ya tashi yana ganin kowace dabba nama ce ko annoba, ba takardar gwamnati da za ta sauya masa tunani bayan ya yi gemu. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Za a ce mana yaro na fama da yunwa da rashin kujera a aji, mu kuma muna zancen mujiya. Mun ji. Amma zancen mujiya zancen rumbu ne, zancen jemage zancen miya ne. Sannan yaron dole ya koyi karatu da wani littafi. Me zai hana littafin ya zama na abin da yake gani a bayan gidansu?

Za a kuma ce abin ya riga ya lalace. A leƙa Nijar. A 1996 raƙuman dawa 49 kacal suka rage a yankin Kure, kusa da Yamai, su ne na ƙarshe a irinsu a Afirka ta Yamma. Da aka haɗa kai da mutanen ƙauyukan wurin, yanzu sun haura 600, har a 2018 aka kwashi takwas aka kai Gadabeji a jihar Maraɗi.

Abokan sana'armu, masu rubuta manhajar kwamfuta, su ma muna da magana da su. Kowace matsala aka kawo mana sai mu ce a yi manhaja. Wayar gidan tana aljihun uba, caji sai an biya, data sai an saya. Littafin takarda ba ya neman caji, yara goma za su iya haɗa kai a kansa. Aikinmu shi ne mu sauƙaƙa samar da shi. Manhajar Bloom kyauta ce, an yi ta don haɗa littattafan yara a harsunan gida. Dandalin African Storybook da na StoryWeaver suna ba da damar sauke labarai a buga, kuma akwai Hausa a cikinsu.

Kayan aikin ma muna da su. Abubakar Imam ya ɗora Magana Jari Ce a bakin aku. Tatsuniyoyinmu cike suke da Gizo da kura da dila. Alƙur'ani yana da surorin da aka sa wa sunan ƙudan zuma, tururuwa, gizo-gizo da giwa. Marubutan Kano sun buga ɗaruruwan littattafan soyayya da kuɗin aljihunsu. Shafi goma sha shida a kan bushiya ba zai gagare su ba.

Sai dai a kiyaye: kada a kwafo littafin da ke mayar da mafarauci mugu. Kakan yaron ne. A je wurinsa a tambaye shi sawun dabbobi da lokacin haihuwarsu, a sa saninsa a littafin.

Marubuci ɗaya, mai zane ɗaya, malamin firamare ɗaya, da ɗayanmu mai kwamfuta sun isa a fitar da littafi na farko kafin damina ta faɗi. Mu fara da ungulu, tun da sauran wadda yaro zai ɗaga kai ya gani.