Da Ɗan Gari Akan Ci Gari: Yawon Buɗe Ido a Ƙasar Butan

A wannan mako filin namu zai leƙa can cikin duwatsun Himalaya, inda wata 'yar ƙasa mai suna Butan take maƙale tsakanin Indiya da ƙasar Sin. Mutanenta ba su kai miliyan guda ba, kuma akasarinsu mabiya addinin Buda ne. Abin da ya ja hankalinmu gare ta shi ne irin yadda take karɓar baƙi masu yawon buɗe ido, domin tsarinta ya sha bamban da na sauran ƙasashe.

Butan ba ta buɗe ƙofarta ga 'yan yawon buɗe ido ba sai a shekarar 1974, shekarar da aka yi bikin naɗin sarkinta na huɗu, Jigme Singye Wangchuck. Tun daga lokacin hukuma ta tsai da shawara cewa gara baƙi kaɗan masu biyan kuɗi da yawa da tururuwar jama'a da za ta tattake ƙasa. Shekara da shekaru baƙo ba ya samun biza sai ya biya kuɗin kowace rana a dunƙule, wanda ya ƙunshi masauki, da abinci, da mota, da ɗan jagora. A 2022 aka soke wannan dunƙulen, aka ɗora harajin dala 200 a kan kowane dare. A 2023 kuma aka rage shi zuwa dala 100. Amma ɗan jagora yana nan daram. Ba a shiga manyan wuraren ibada, ba a kuma yin nisa cikin ƙasa, sai tare da ɗan ƙasa mai takardar izini daga gwamnati.

Wanda ya taɓa aikin hajji ya san amfanin muɗawwifi, to kusan haka ɗan jagora yake ga baƙon Butan. Shi zai tarye ka a filin jirgin sama na Faro, sanye da rigar gargajiya da suke kira "go", wadda ke tsayawa a gwiwa. Shi zai gaya maka ka cire takalmi da hula a bakin ɗakin ibada, ka ajiye kyamara, kada ka nuna mutum-mutumin Buda da ɗan yatsa, in kuma za ka kewaya hasumiyar ibada ka sa ta a damanka. Baƙo ko da idonsa makaho ne. In ba a faɗa masa waɗannan ba, sai ya yi wa masu gida laifi bai sani ba.

Wurin da ba a tsallake wa kowane baƙo shi ne Taksang, wato Sheƙar Damisa, gidan ibadar da aka gina a 1692 a jikin wani dutse, kimanin mita 900 sama da kwarin Faro. Hawa ne na awa biyu ko uku a ƙafa, ko da yake doki na iya rage wa mutum rabin hanya. Mutanen ƙasar sun yi imani cewa malamin da ya kafa addininsu a can cikin ƙarni na 8, Guru Rimfoce, a bayan damisa ya sauka wurin. Gobara ta cinye ginin a 1998, aka sāke gina shi yadda yake. Daga Timfu, babban birnin ƙasar, akan bi ta mashigin Docula, inda aka jera ƙananan hasumiyoyi 108 don tunawa da sojojin da suka mutu a faɗan 2003, sa'an nan a gangara Funaka. A can ne ake ganin ƙasaitacciyar fada mai ganuwa da aka gina a 1637 a mahaɗar koguna biyu, ɓangare guda ofisoshin mulki, ɓangare guda mazaunin masu zuhudu.

Ba shakka wannan tsari ya yi wa Butan rana. Maƙwabciyarta Nefal ta buɗe ƙofa ga kowa, ta sami kuɗi, amma ta wayi gari tana kwashe shara daga dutsen Ebares. Ita kuwa Butan ta haramta hawan manyan duwatsunta, domin a wurin mutanenta wurare ne masu tsarki. Shi ya sa har yau ba wanda ya taka ƙololuwar Gankar Funsum, mai tsawon mita 7,570. Tsarin mulkinta na 2008 ya wajabta kada daji ya gaza kashi 60 cikin 100 na faɗin ƙasa. Harajin baƙi kuwa, in ji gwamnati, yana taimakawa wajen ba da ilmi da magani kyauta.

To, amma fa akwai wani hanzari ba gudu ba. Wanda ya riƙe maka fitila, inda ya haska nan za ka gani. Ɗan jagora gwamnati ce ta ba shi izini, abincinsa kuma yana ga kyakkyawan sunan ƙasarsa. Zai ba ka labarin "Ma'aunin Farin Cikin Jama'a" da ƙasar ke tinƙaho da shi, amma da wuya ya fara ɗauko maka zancen mutanen kudu masu harshen Nefal, waɗanda fiye da 100,000 daga cikinsu suka tsinci kansu a sansanonin gudun hijira a Nefal tun farkon shekarun 1990, bayan an tsaurara dokar zama ɗan ƙasa. Daga 2007 aka riƙa kwashe su zuwa wasu ƙasashe, mafi yawa Amurka. Haka nan dubban matasan Butan masu ilmi sun tafi Ostareliya neman abin kansu. Duk wannan ba ya cikin jerin wuraren da mota ke tsayawa.

Ra'ayinmu a nan shi ne, mai gida yana da ikon gindaya wa baƙo sharaɗi, kuma ƙaramar ƙasa da ta ƙi sayar da alfarmar wuraren ibadarta don kuɗi ta cancanci yabo. Wajibin baƙo ne ya bi doka, ya girmama abin da masu gida suke girmamawa, ko da ba addininsa ba ne. Amma kada wanda aka zaga da shi kwana bakwai ya dawo yana cewa ya san Butan. An ce gani ya kori ji, sai dai ganin da aka zaɓar maka rabin gani ne. Matafiyi mai hankali yakan karanta tarihin ƙasa kafin ya ɗaure kaya, in ya isa kuma ya yi tambaya cikin ladabi, ya saurari amsa, ya kuma lura da inda aka yi shiru.

Allah ya sa mu dace. Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.